Awa Tara a Baranda

Awa tara ke nan muna barandar asibiti, ni da babana.
Gado mai taya aka ba shi, aka jingine shi da bango
tsakanin tukunyar kashe gobara da ƙofar makewayi.
Ƙugu ne. Santsin ƙanƙara ya kwashe shi a bakin kanti.
Clive Haxby, shekara talatin da huɗu a jirgin kamun kifi,
yau kofin ruwa ya fi ƙarfin hannunsa.

"Sun cika mana ƙasa," in ji shi, "shi ya sa babu gado.
Ina biyan haraji tun ba a haifi uban wancan ba."
Ya yi nuni da haɓa.
Wancan ɗin Dragos ne, mai tura gadaje,
sau bakwai yana wuce mu, takalminsa na kuka.

Ban tanka ba. Gardamar ta ishe ni
tun teburin Kirsimeti, tun ranar zaɓe.
Kuma gaskiya ne, babu gadon.
Bara aka garƙame hawa na uku,
wanda ya sa hannu a takardar kuwa
ban ga ƙeyarsa a barandar nan ba.

Can sama talabijin na maƙale, an kashe masa murya.
Ingila na wasa.
Mai karaya, mai tari, mashayin da ya fasa goshi,
duk mun ɗaga wuya kamar kaji na shan ruwa.

Minti na sittin da uku yaron ya tsinke ta hagu,
Ellis Amankwah, lamba goma sha bakwai,
ya yanke mutum biyu, ya zura ta a raga.
Babana ya manta da ƙugu.
"Ɗanmu ne! Ɗan Grimsby!
Uwarsa ke dafa wa 'yan firamare abinci!"
Ya yi ta ihu har ciwon ya tuna masa da kansa.

Nas Marilou ta zo da allura.
'Yar Iloilo ce, ta bar ɗiya can mai shekara shida
tana girma a cikin waya.
Ta juya shi a hankali, ta zare zanin da ya jiƙa,
ta yi kamar ba ta ga kunyarsa ba.
"Na gode, 'yata," ya ce.
Ni da ya haifa, na manta rabona da jin wannan.

Aka tashi ɗaya da ɗaya. Sai fenariti.
Yaron ya dasa ƙwallo, ya ja baya taku huɗu,
ya ɗaga ta sama, can cikin 'yan kallo.
Baranda ta yi tsit, sai ɗigar ƙarin ruwa.
Wani mai bandeji a hannu ya ja tsaki:
"Ya tattara ya koma inda ya fito."
In ta yi ruwa rijiya,
in ba ta yi ba, masai.

Na jira babana ya ɗora nasa.
Ya daɗe yana kallon silin.
"Inda ya fito," ya ce, "nan sama ne.
Hawa na uku. Ɗakin haihuwa.
Wanda suka rufe."

Kada ku ce ya sauya. Na fi kowa sanin ubana.
Ƙarfe huɗu na asuba, da gado ya samu,
muna cikin lifta yake raɗa min, "Amma dai sun yi yawa."
Dragos na tsaye a kansa, riƙe da ƙarfen gadon,
idonsa ja wur don rashin barci.

Babana ya ɗago. "Kai, wace ƙungiya kake goya wa baya?"
"Ta garin nan mana. Wace kuma?"
"Ta garin nan? Tun yaushe?"
"Shekara goma sha ɗaya."

Tsohon ya yi dariya, ya dafe ƙugu.
"Ashe kai ma ka sha wuya," ya ce.
Ƙofa ta buɗe, aka tura shi ciki.