Jinkirin Totur

A danjar Manningham, da sanyin asuba,
kore ya kawo, na taka totur.
Shiru.
Ɗaya, biyu,
sannan ta zabura kamar wadda aka yayyafa wa ruwa tana barci.
Na bayana ya danna oda har cikin haƙorina.

Na kai ta garejin Ɓarau, can ƙasan Bradford.
Bai ɗauki sifana ba tukuna.
Ya ce, "Taka." Na taka.
Ya kara kunne jikin inji, ya lumshe ido.
"Ba fulogi ba ne, shi tari yake sa ta.
Wannan numfashi ne ya gaza."

Ya zaro matatar iska baƙa ƙirin:
busasshen ganye, fiffiken ƙwaro,
hayaƙin hunturu uku.
Ya kwance maƙogwaron totur,
baƙi ya kama shi kamar gindin tukunya.
Ya fesa magani, ya dirje da tsohon buroshi,
ya lallaɓa 'yar wayar da ke auna iska,
siririya kamar gashin gira.
"Ita ke gaya wa inji man da zai sha.
In ta yi ƙarya, sai ya tsaya tunani."

Fam arba'in da biyar.
Ya mayar mini da biyar ɗin, wai na shayi.

Yanzu kafin ƙafata ta rufe baki, ta amsa.

Da dare Inna ta kira daga Gumel.
"Yaushe za ka zo?"
Layi garau, har kukan akuyarta ina ji.
Ɗaya, biyu.
Ni kuma wa zai kwance ya duba?