Matakala ta Bakwai

Mu biyar ne, in Wimalasiri ya samu bas ɗin ƙarshe.
In bai samu ba, mu huɗu da tabarmarsa.

Ɗakin yana saman shagon ɗinkin Kusumalatha,
a Badulla, bayan tashar jirgin ƙasa.
Matakala goma sha ɗaya, ta bakwai tana kuka.
Babu malami a cikinmu.
Masu mayafi ruwan goro suna can haikalin kan tudu;
mu nan sai ɗan Buddha na yumɓu
da kunnensa ya ɓalle aka liƙe da danƙo,
sai fitilar man kwakwa,
sai agogon kicin mai yanka mana minti arba'in
daga jikin daren Laraba.

Mukan zauna. Aikin ke nan.
Iska ta shiga, ka san ta shiga.
Ta fita, ka san ta fita.
A baki kamar shan ruwa,
a aikace kamar kiwon biri ba igiya.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga wa jiragen ƙasa tuta,
ja su tsaya, kore su wuce,
amma tunani guda bai taɓa ganin tutata ba.

Seelawathie tana gyangyaɗi, ta ce zurfi ta yi.
Gwiwar Wimalasiri tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ba mai gyara wa wani zama.

Sai ga Gunapala.
Kusumalatha ce ta jawo shi, bayan ciwon da ya ci masa ƙafar hagu.
Gunapala maƙwabcina,
wanda ya sa zarto a mangwaron da marigayiya matata ta dasa,
wai reshe ya ƙetare iyaka.
Takardunmu na kotu har sun yi furfura.
Ɗaki ƙarami ne. Gefena kaɗai ke da wuri.

A ƙarshen zama akwai fatan alheri, hawa huɗu.
Ka fara da kanka: in zauna lafiya, in rabu da wahala.
Sai wanda kake so.
Sai wanda ba ruwanka da shi, kamar mai sayar da tikiti.
Sai wanda zuciyarka ta ƙi.

Hawa uku nake yi a guje.
A na huɗu sai in ji numfashinsa a kunnena,
yana shiga, yana fita,
da warin taba da man zafi,
sai in ga farin kututture yana zubar da ruwa.
Wata biyar ina tsallake shi,
in aika fatana ga wani ɓarawon keke da ban taɓa gani ba.

Ran nan, ana shan shayi da guntun mazarƙwaila,
kowa na faɗin inda ya yi tuntuɓe,
bakina ya riga ni:
"Ni a na huɗu nake maƙalewa."
Ban dubi kowa ba. Ba wanda bai gane ba.
Ruwa na dukan kwanon rufi.
Seelawathie ta tsunduma ido cikin kofinta.

Gunapala ya juya nasa kofin sau biyu a tafin hannu.
Ya ce, "Kai har kana kaiwa can?
Ni tun da na zo ban wuce na farko ba."

Ba wanda ya yi wa'azi.
Kusumalatha ta rage lagwani,
Wimalasiri ya tuna da bas.

Shari'a tana nan, zaman watan gobe.
Mangwaro bai tsiro ba.
Amma a saukowa, cikin duhu,
sandarsa ta zame,
sai na tsinci gwiwar hannunsa a cikin hannuna,
ƙashi zalla, mara nauyi kamar kara.
Muka taka ta bakwai tare.
Ta yi kukanta.
Saura shida.