Ƙwarya a Kan Gilashi

Duniya ƙwarya ce, in ji Ige,
kwamfuta kuwa faifai take so.
Danne ƙwarya ta kwanta, sai ta tsage,
ko ta yi maka ƙarya.

Jiya a ofishin safiyo
ƙasashen ƙanƙara sun kumbura a gilashi,
mu an matse mu a tsakiya.

Babanta majemi ne.
Ya ce: fatar akuya,
in ka cika jan wuya, ciki ke biya.

Sai ta kafa turke a Sakkwato,
tana sassautawa kaɗan-kaɗan,
har gulbin Rima ya samu lanƙwasarsa,
gonar Modi a Kwalkwalawa
ta tsaya a kadada ukunta.

Karkatar da ta ƙi fita,
ta rubuta ta a gefe, kowa ya gani.