Guntun Fata

A 'Yantandu kowa ya san kakana Barmo
bai taɓa yar da guntun fata ba.
Sai ya tsince, ya hure ƙasa, ya jefa a tukunya.
Yara na dariya, shi ko ƙala.

Yana ɗan sha uku aka sure shi bayan Ƙofar Guga,
ya je wankin kirgi.
Agadas, Murzuk, Tarabulus,
hannu na miƙa shi ga hannu kamar goron suna,
har ya wayi gari da jar dara da bindiga
kan ganuwar dutse ta Sarkin Santambul,
bakin ruwan da ba shi da ƙetare, ba ya kashe ƙishi.

Ya ce ta ruwa Maskofawa suka ɓullo,
jirage jere kamar shanu a mashaya,
kowanne na tarin wuta.
Ta tudu kuwa haƙa suke irin ta gafiya,
in ka kai goshi ƙasa
ka ji diga ƙarƙashin sujadarka.

Watan fari aka ci alkama.
Na biyu, alfadarai.
Na uku Basha ya tara jama'a, ya rasa ta cewa.
Nan bawan da ba a riƙe sunansa ba
ya ce a kawo sirdi, a kawo takalma,
har gafakar liman.
Ya kankare, ya jiƙa da toka, ya dafa kwana biyu.
Gishiri dai ga shi nan har gindin sama.
Mutum ɗari huɗu suka sha romon sana'ar Katsina,
suna lasar yatsa, suna kuka.

Daren da ƙasa ta yi gyatsa,
ganuwa ta durƙusa kamar raƙumi.
Wani yaro ya faɗo ta ɓarakar,
ido irin na mage, leɓe a tsage,
ya ɗora masa bakin bindiga a ƙirji,
sai ya hangi tukunya.
Ya aje bindigar, ya miƙa hannu biyu.
Ashe na waje ma yunwa ta kewaye shi.

Da furfura ya dawo.
Ya ce can ruwa kan daskare har doki ya taka.
Aka ce tafiya ta taɓa Barmo.

Tukunyar na nan a zaure, ta tsage a wuya.
Jiya na yanke bakin tandu,
guntu ya faɗi.
Na duba, ba kowa.
Na sunkuya.