Haruffan da Ba a Faɗinsu

Ni mai gadi ne a Zango, bakin kantin magani.
Benci ɗaya, tocila, sanda, butar shayi.
Wajen ƙarfe tara Cima kan kawo mini tuwo,
ta zauna ƙarƙashin fitilar kanti da kayenta,
don a Garin Malam wuta sai ta ga dama.

Daren Talata na leƙa ta kafaɗarta.
Ban yi lakwal ba, yaƙi da jahilci na yi, wata shida,
amma ido ba ya jiran malami kafin ya gane dangi.
Na ce, Cima, waɗannan ai 'yan ɗaki ɗaya ne,
dubi ƙarshensu, tsaga iri guda,
kamar ta kumatun kakarki da ƙannenta.

Ta yi dariya. Ingilishi ne, Baba,
Mushe Tanimun ya ba mu, gobe zai tambaya.
Ta ɗora bik kan na fari:
night, dare ke nan.
Na ƙasansa light, haske.
Na ce tsaya, harafi ɗaya tak tsakanin dare da haske?
Ashe shi ya sa 'yan wuta ba sa shan wahala,
su sauya ɗaya, unguwa ta yi ɗif.

Fight, faɗa, in ji ta.
Wannan na san shi, kowace asuba yana bakin famfo
inda jarka sittin ke jiran ruwan da bai yi alkawari ba.
Tight, matsi.
Shi ma na san shi, ashirin ga wata yake sauka aljihuna.
Right, dama, kuma daidai, kuma haƙƙin mutum.
Kalma ɗaya, kaya uku,
sai ka ce jakin Mirriya ran kasuwa.

Can ƙasa akwai eight, wai takwas.
Tsagar gidan ce a fuskarsa, amma harshe ya karkace.
Na ce wannan shi aka kai riƙo Tanut,
ya dawo da maganar wasu.

Sai na ce ta sake karanta daren, a hankali,
ina ƙirgawa da yatsa.
Biyar a takarda, uku a baki.
Ina biyun suka shiga?
Ta ce g da h ne, ba a faɗinsu.
To me suke yi a nan?
Suna nan dai, Baba.
In ka cire su Mushe zai ja jan bik,
kalmar ta koma wata, ko ta zama ba kome.

Na sauke buta daga garwashi, ban ce uffan ba.

Shekara goma sha ɗaya ina kan bencin nan.
Mai kanti kan zo da safe ya ƙirga kwalaye,
ya ce alhamdulillahi, kuma gaskiyarsa,
sunana dai ba ya cikin lissafi.
Mai neman maganin tari ya wuce ni kamar turmi.
Amma bara, daren da masassara ta kwantar da ni,
dare ɗaya rak,
da safe an tarar da kwado a ƙasa, baki buɗe.

Cima ta rufe kaye, ta ɗaure kwano cikin tsumma.
Na ce kafin ki tafi, rubuta mini biyun nan.
Ina?
Na miƙa tafin hannu.
Bik ya ƙi kamawa, fatar ta yi kanta,
sai da ta hura masa iska, ta danna.

Tana shan kwana aka ɗauke wuta.
Karnukan bayan tasha suka soma.
Ban kunna tocila ba, ina tattalin batir.
Na dunƙule hannun, na gyara zama.