Yatsan Hagu

Ranar da aka kashe injin gurzar auduga a Garwa
mu ɗari da bakwai muka fito ƙofa,
kaɗa ta yi mana furfura a yini guda.
Aka ce akwai tallafi ga wanda aiki ya saki:
jaka goma sha biyu duk ƙarshen wata,
ka zo da katinka, ka dangwala yatsa.

Jatau bai iya zaman jira ba.
Ya bi masunta ya gangara Binuwai,
ya bar mini katinsa cikin gwangwanin madara.
Ya ce, "Riƙe mini, Ilu, ruwa ba ya shiri da takarda."
Kafin damina ta ɗauke
hularsa kaɗai aka kawo.

Ban gaya wa biro ba.
Babban yatsan dama nawa ne tun haihuwa,
na hagu kuwa ya zama Jatau.
Akawu yana hamma, fanka tana juyi,
tawada ba ta tambayar wanda ke numfashi.
Wata ashirin da biyu mamaci yana bin layi,
ya rufa mini ɗaki da kwano,
ya saya mini jan babur,
ya biya wa ɗana kuɗin makaranta.

Da asusun ya ƙafe sai tsoro ya tsiro.
Na sami masinjan lauya a gindin dalbejiyar kotu,
na ce, "Wani abokina ne ya yi kaza."
Ya dube ni, ya dubi yatsana, ya tofar da goro.
"Shekara uku," in ji shi.
"In ba a buɗe dosiye ba har ta cika,
hannun hukuma ya gajarta.
Ka gai da abokin naka."

Na rataye kalandar kantin magani a bayan ƙofa,
kullum da asuba in soke rana guda da gawayi.
Motar jandarma ta wuce, tuwo ya tsaya mini a wuya.
Aka ƙwanƙwasa, ashe mai karatun mita ne.
Na rame kamar akuyar bashi.
Matata ta ce shawara ce, ta jiƙa mini saiwa.

Sai da gawayin ya ƙare
mai bincike ya sauka daga Yawunde da tabarau,
ya jera yatsu biyu, ya ce na mutum ɗaya ne.
Alƙali ya buɗe littafi, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.
Sun makara da kwana arba'in da ɗaya.
Tambari ya faɗi, tim.
"Wa'adi ya wuce. Tashi ka tafi."
Mutane suka ce na yi goshi.

To, ga Delu a mararrabar Yelwa,
kaskon ƙosai, hayaƙi a ido,
'ya'yan Jatau uku suna miƙa mata itace.
Da can ba ta san akwai kuɗin ba.
Yanzu duk unguwa ta sani.
Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙara ba.
Na zo wucewa ta ce, "Ilu, ina kwana?
Na nawa za a zuba?"

Jaka ɗari biyu da sittin da huɗu.
Ba na bukatar alƙalami.
In ruwa ya sauka kan kwanon nan da dare
shi yake ƙirga mini, ɗigo ɗigo,
kuma bai taɓa jin labarin shekara uku ba.

Gwangwanin madarar yana nan.
Duk Juma'a ina jefa jaka ɗaya a ciki,
wani makon rabi.
Titin da ke tsakanina da kaskonta
taku goma sha tara ne, na auna.
Jiya na yi bakwai,
babur ya gifta,
na dawo.