Bashin Don Evaristo

Shekara talatin ina maka aski a Valparaíso,
ko sau ɗaya ba ka biya da kuɗi ba.
Sai ka ce, "Nicanor, ajiye askar,
ga labarin da ya fi peso dubu."
Ran da dariya ta sa na tsage maka kunne,
washegari ka buga a jarida
wai wanzamin unguwarmu ya koma mahauci.

Kai ka ce jakin da ke hawan Cerro Alegre
ya fi magajin gari sanin inda ya dosa.
Wai Eulalia ta aure ka ne
don ta ji ƙarshen wani labari,
har ta rasu kana jan shi.

Da ƙasa ta girgiza, madubina ya rabe biyu,
ka leƙa ka ce, "Madalla, mun zama biyu, ninka bashin."

Jiya muka kai ka maƙabartar da ke kallon teku.
Limamin coci ya yi tuntuɓe da sunanka,
muka gimtse dariya kamar yara,
na waiga in ga ko ka ji.

Furfurarka na ƙarƙashin kujera tun Talata.
Ban share ba.